Ɗanjuma Mai Fito da Littafin Malam Lukuman

Duk wanda ya taɓa haye fadamar Kalgo da damina a shekarun tamanin, da wuya a ce bai shiga jirgin Ɗanjuma ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da tabo a saman girarsa ta hagu inda gwangwalar tuƙi ta fasa shi yana yaro. Ƙaramin yatsansa na hannun dama ma babu. Ƙugiyar kamun kifi ce ta shige shi, ya ruɓe, wanzami ya cire. Ba mai yawan magana ba ne. Idan gulbi ya cika ya malalo cikin fadama, shi ke fitar da manoman shinkafa zuwa gonakinsu, da mata masu kai kifi da nono kasuwa. Idan ruwa ya janye sai ya kife jirgin a inuwa, ya koma kamun kifi a tafkuna da noman albasa.

Jirgin na mahaifinsu ne, daga Yawuri aka kawo shi tun Ɗanjuma bai yi wayo ba. Da tsohon ya rasu sai ya zama nasu su biyu, shi da ƙanensa Abu. Abu dogo ne mai surutu da raha, irin mutumin da fasinja ke so, don kafin a kai hayi ya san sunan kowa da sunan ƙauyensu. Gida ɗaya suke zaune. Ɗanjuma da matarsa Rabi, waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, suna sashen gabas. Abu da matarsa Laraba da 'ya'yansu biyu, Isa da Kubura, suna sashen yamma.

A daminar 1988 ruwa ya yi yawa ƙwarai. A cikinta ne 'yan'uwan suka samu saɓani. Abu yana so a sayar da tsohon jirgin ya tafi Yawuri ya koyi tuƙin mai inji, Ɗanjuma ya ce jirgin ubansu ba zai bar gidan ba yana raye. A bakin ruwa suka yi musun, gaban mutane, har Ɗanjuma da ba a san shi da ɗaga murya ba ya ɗaga. Ba a daɗe ba suka fita su biyu ɗauko tarun kamun kifi, jirgin ya kife da su a wajen da ruwa ke juyawa. Ɗanjuma ya fito. Abu sai bayan kwanaki aka tsince shi cikin ciyawar burugu, can ƙasa da gari.

An ɗan yi ƙus-ƙus a lokacin, don mutane ba su manta musun ba. Limamin unguwar ya tsawatar, magana ta mutu. Abin da Ɗanjuma ya gaya wa Laraba kawai shi ne ruwa ya fi ƙarfinsu. Da ta fita takaba 'yan'uwanta na Dangoma suka zo tafiya da ita, ta ce a bar ta inda 'ya'yanta suka saba. Ɗanjuma ya gyara mata ɗaki, ya ɗauki cinsu da suturarsu. Ita da Rabi tukunya ɗaya suke ɗorawa. Haka aka zauna har aka yi sabuwar jihar Kabi.

Shekara guda bayan yin jihar aka turo wani matashin malamin firamare zuwa wani ƙauye a hayin fadama. Lukuman sunansa, Bafillacen Gwandu, siriri mai tabarau. Ranar da ya fara shiga jirgi ya rungume jakarsa ya rufe ido har aka kai hayi. Da zai sauka Ɗanjuma ya ce masa, "Malam, buɗe idonka, mun iso. Ko saniya ta fi ka ƙarfin hali a ruwa."

Lukuman ya yi dariya, daga nan sabo ya fara. Da Ɗanjuma ya ji cewa a ƙauyen babu ɗakin kirki, malamin a aji yake kwana, sai ya share masa shagon da ke jikin zaurensa. Ya ƙi karɓar komai. Da safe ya fitar da shi hayi, da rana ya dawo da shi. Rabi ta riƙa zuba tuwo da shi, Laraba ta riƙa haɗa kayansa da na yara idan za ta yi wanki. Lukuman yana kiransa Baba, shi kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam.

Ran Asabar Lukuman yakan tafi Birnin Kabi. Wani ɗan kasuwa ya buɗe shago a can, ya ajiye talabijin da wata na'ura da samari ke kira gem. Ana cusa mata kaset, a riƙe abin latsawa, mutum ya yi ta sarrafa abin da ke cikin talabijin. Samari sun fi son na ƙwallo da na dambe. Lukuman shi kaset ɗaya ne ya kama masa zuciya, na 'yan fashin teku na zamanin da. Kai ne kyaftin, kana da jirgi mai manyan zannuwa da iska ke turawa, ka tara ma'aikata, ka tare jiragen 'yan kasuwa da igwa, ka yi faɗan takobi da wasu kyaftin, ka bi taswira zuwa tsibirin da aka binne dukiya. Idan ya dawo Kalgo ba shi da hira sai wannan. Yakan zauna a tsakar zaure yana kwatanta yadda ya nutsar da jirgin gwamna, Ɗanjuma yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi yana saurare.

Wata rana ya ce, "Baba, littafi zan rubuta a kan wannan wasan. A Kano yanzu matasa sai buga littattafai suke yi, duk na soyayya. Ba wanda ya taɓa yin na teku."

"Ka taɓa ganin tekun?"

"A talabijin dai."

"To mi za ka rubuta?"

"Shi ya sa nake da kai. Wasan ya ba ni jirage da yaƙi, amma ban san yadda ruwa yake ba. Ban san abin da mutum ke ji idan jirgi ya karkata ba. Kai za ka gaya mini. Kai ne ma kyaftin ɗin, Baba. Jarumin littafin."

Ɗanjuma ya ce shi bai san jarumta ba, fito ya sani. Amma a ransa ya ji daɗi. Daga ranar, duk haye da dawowa tambaya ce. Yaya ake gane iska za ta taso? Me ake yi idan jirgi ya fara shan ruwa? Ɗanjuma da ba ya magana sai ga shi yana zuba, har Rabi tana cewa malamin nan ya kwance wa mijinta harshe.

Sau ɗaya Lukuman ya ja shi har shagon. Aka kunna janareta, samari suka matsa suka ba dattijo wuri. Ɗanjuma ya ga shuɗin ruwa ya cika talabijin, babu gaɓa ko ta ina, ga ɗan jirgi yana rangaji. Aka damƙa masa abin latsawa. Yatsunsa masu kanta suka danna inda bai kamata ba, jirgin ya juya ya nufi duwatsu ya fashe. Wasu 'yan mutane ƙanana suka watse cikin ruwa suna ɗaga hannu. Samarin suka kwashe da dariya, wani ya ce yau ga mai fito ya kifar da jirgi. Ɗanjuma ma ya yi dariyar, amma ya miƙa abin, ya ce wa Lukuman su tafi.

A hanyar dawowa ruwan sama ya tare su a tashar Kalgo, suka fake a wata rumfa da babu kowa. La'asar ce. Lukuman ya lura tun daga shago dattijon bai ce uffan ba, ya tambaye shi ko samarin ne suka ɓata masa rai.

"Ba su ba ne. Mutanen nan da sunka faɗa ruwa ne."

Nan ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da jirgi ya kife, Abu rigar Ɗanjuma ce a jikinsa, wata shuɗiya, don tasa ba ta bushe ba. Tun musun da suka yi ba su yi wata doguwar magana ba, amma da safen Abu ya zo ya ɗauki rigar ba tare da ya tambaya ba, kamar yadda ya saba, Ɗanjuma ya gane fushi ya wuce. Da suka kife taru ya naɗe ƙafar Abu. Ɗanjuma ya samu reshen giyayya ya riƙe da hannu ɗaya, ya miƙa gwangwala da ɗayan. Abu ya kama bakinta. Ya dube shi ya ce, "Yaya, ja." Ya ja har ya ji kafaɗarsa za ta fita. Yana kallo hannuwan Abu suka riƙa zamewa a kan gwangwalar har suka ƙare.

"Ko Laraba ban gaya mata ba," in ji shi. "Ban so ta riƙa ganinsa haka idan ta rufe ido. Kai ma don ka zama ɗan gida ne. Zancen ya tsaya nan, Malam."

Lukuman ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce, "Ya tsaya nan, Baba."

Shekara biyu ya yi a gidan, sannan aka mayar da shi Gwandu. Ranar tafiyarsa Rabi ta ɗaure masa busasshen kifi, Laraba ta ba shi man shanu a kwalba ya kai wa mahaifiyarsa, Ɗanjuma ya ɗauki akwatinsa har tasha. Ya ce littafi ya kusa, idan ya fito shi da kansa zai kawo ya karanta musu a tsakar gida.

Bai kawo ba. Littafin ne ya zo da ƙafarsa, cikin kayan wani mai sayar da littattafai da ke baza tabarma ranar kasuwa. Sunansa Jirgi Mai Baƙin Zane, a bangonsa an zana wani mutum da takobi da rawani. Matan aure su suka fi karanta irin waɗannan littattafai, ana aro daga gida zuwa gida. Wata maƙwabciya mai suna Indo, wadda ta yi makaranta, ta samo shi. Da ta ga sunan Malam Lukuman sai ta shigo da shi da murna bayan azahar, mata suka taru a gindin darbejiyar gidan Ɗanjuma, ta fara karantawa.

Da farko dariya aka yi ta yi. Kyaftin ɗin sunansa Ɗanjuma, gajere mai faɗin ƙirji, da tabo a gira, babu ƙaramin yatsa. Rabi har da rufe fuska don kunya. Yana da ƙane mai suna Abu, dogo mai raha, kuma jirgin gadon ubansu ne. Laraba ta daina tsintar shinkafar da ke gabanta. A kwana na biyu aka zo inda 'yan'uwan suka yi faɗa a kan jirgin gaban ma'aikata. A na uku aka zo guguwa. Abu na cikin littafi ya faɗa teku sanye da shuɗiyar rigar yayansa, igiya ta naɗe masa ƙafa. Kyaftin ya miƙa masa sanda, ya kama, ya ce, "Yaya, ja." Kyaftin ya dube shi, ya tuna jirgin da dukiyar tsibiri za su zama nasa shi kaɗai, sai ya buɗe hannunsa.

A nan Indo ta rufe littafin. Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ɗanjuma ya dawo daga gona gab da magariba ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Laraba tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Tun da ta shigo gidan tana amarya ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai ranar.

"Yaya, rigarka ce a jikinsa ranar?"

"Tawa ce. Ai kin sani."

"Na sani, da ita ya fita a gabana. Ya riƙe gwangwala?"

Ɗanjuma ya ajiye fartanyarsa a hankali. "Wa ya gaya miki?"

"Ya ce maka, Yaya, ja?"

Ya ce, "Ya ce."

"Shekara nawa ina cikin gidan nan ina tambayar kaina ko ya yi magana kafin ya tafi. Ka ce mini ruwa ya fi ƙarfinku. Ashe akwai sauran magana, ka ɗauka ka ba baƙo ya kai Kano." Muryarta ba ta tashi ba. "To sauran fa? Inda ka buɗe hannu, shi ma kai ka gaya masa?"

Sai a lokacin Rabi ta bayyana masa abin da aka karanta. Ya rantse da Allah bai saki ba. Laraba ta ce ita ba ta ce ya saki ba. Amma riga gaskiya ce, gwangwala gaskiya ce, maganar gaskiya ce, ta yaya za ta san inda gaskiya ta tsaya ƙarya ta fara? Kafin mako ya zagayo yayanta ya zo daga Dangoma da amalanke. Ta kwashe kayanta da Isa da Kubura. Rabi ta bi su har bakin hanya tana kuka, Ɗanjuma yana zaune a zaure.

Maganar da liman ya kashe shekarun baya ta farfaɗo. Waɗanda ba su iya karatu ba ma sun ji. A bakin ruwa wasu suka riƙa tsayawa jiran jirgin wani, ko da nasa babu kowa. Samari suka laƙaba masa Kyaftin. Ba wanda ya tare shi ya ce ya kashe ƙanensa, kuma wannan ya fi ci masa rai, don babu wanda zai amsa wa.

Ya shirya ya tafi Gwandu, garin da bai taɓa zuwa ba. Gidan su Lukuman yana bayan gari ta hanyar Dalijan, ga garken shanu a gefe. Mahaifinsa, Malam Atiku, dogon tsoho mai farin gemu, ya tarbe shi da murna da ya ji ko wane ne, ya ce ai sun daɗe suna jin alherinsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono. Ɗanjuma ya yi godiya, bai taɓa ƙwaryar ba. Tsohon ya lura, ya aika a kira ɗansa daga makaranta.

Lukuman ya shigo, ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa.

"Malam, mi na yi maka?"

"Baba, labari ne kawai. Kowa ya san littafi ƙirƙira ne."

"Laraba ba ta sani ba. Ta kwashe yara ta koma Dangoma."

Lukuman ya ɗago a firgice. Da alama wannan bai zo masa a rai ba. Ya fara bayani da sauri. A rubutun farko kyaftin mutumin kirki ne, kamar yadda ya yi alkawari. Da ya kai wa mai buga littattafai a Kano sai ya ce babu mai sayen labarin ɗan fashi mai kirki, sai an sa cin amana. A wasan ma haka yake, ba ka kai wa ga dukiya sai ka yaudari wani. Ya zauna ya yi ta ƙoƙarin ƙago wani abu, duk abin da ya rubuta ba shi da rai. Wurin nan na gwangwala kaɗai ne idan ya rubuta yake jin tsigar jikinsa na tashi. Layi ɗaya kawai ya canja.

"Sunana fa? Da na Abu?"

"Na yi niyyar canjawa. Na saba da su ne a rubutu, kafin in ankara an buga."

"Ranar da munka fake a rumfa, mi na ce maka?"

Lukuman ya sunkuyar da kai. Malam Atiku ya nemi a gaya masa komai daga farko, Ɗanjuma ya gaya masa. Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya yi masa magana da Fillanci, gajeriya, wadda ta sa Lukuman ya ƙara sunkuyar da kai. Ya juyo ga baƙonsa ya tambaye shi abin da yake so a yi.

"Ba na son komai nasa. Ya zo Kalgo ya tsaya gaban liman da yayan Laraba, ya faɗi abin da na gaya masa da abin da ya ƙara. Da bakinsa. Shi ke nan."

Lukuman ya ce zai zo ranar Juma'a mai zuwa. Ɗanjuma ya koma gida da sauƙi a ransa. Ya je ya gaya wa liman, ya taka har Dangoma ya roƙi yayan Laraba ya zo. Rabi ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi. Bayan an sauko daga masallaci suka zauna a zaure, liman da yayan Laraba da dattawan unguwa biyu. Duk motar da ta tsaya a tasha sai Ɗanjuma ya leƙa. Suka yi la'asar a nan. Da rana ta yi ja yayan Laraba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce yana da nisa. 

Bayan 'yan watanni wani direba ya kawo wa Ɗanjuma ƙunshi daga Gwandu, da saƙon baki cewa Malam ya ce a gaya wa Baba ya gyara. Littafi na biyu ne. Rabi ta kira Indo ta karanta musu su biyu a ɗaki. A ciki kyaftin Ɗanjuma ya tsufa, ƙanensa yana zuwar masa a mafarki, har ya tara ma'aikatansa ya faɗi abin da ya aikata yana kuka, ya raba dukiyarsa ga marayun ƙanen, ya mutu mutumin kirki. Lukuman a ganinsa ya wanke shi ke nan. A Kalgo kuwa cewa aka yi, to ga shi, ya amsa da bakinsa.

Ɗanjuma ya saurara har ƙarshe. Ya ce wa Indo ta tafi da littafin, kada ya kwana a gidan.

Wanda ya zo Kalgo daga baya Malam Atiku ne, shi kaɗai, da sandarsa. Ya ce ɗansa ya nemi canjin aiki ya koma Kano, ya yi masa magana har ya gaji. Ya je wurin liman, ya sa aka kai shi Dangoma, ya zauna a ƙofar gidan su Laraba ya ce ɗansa ya ci amanar mutumin da ya ba shi ɗaki da abinci, kuma a gabansa yaron ya amsa cewa shi ya ƙara sakin hannun. Laraba ta saurara daga bayan zana. Ta ce ta gode da tattakin da ya yi, amma shi ma ba ya cikin ruwan ranar, ɗansa ma ba ya ciki. Mutum ɗaya ne ya sani, kuma ya riga ya nuna mata yana iya ɓoye magana shekara da shekaru. Tsohon ya kwana a zauren Ɗanjuma. Da safe da za su rabu ya riƙe hannunsa, sannan ya kama hanyar Gwandu.

Damina biyu Ɗanjuma ya ƙara yana fito, sannan ya bari. Ba korarsa aka yi ba, har lokacin akwai masu shiga jirginsa, musamman tsofaffin da suka san ubansa. Shi ne ya ce ya gaji da yadda hira ke yankewa idan an kai tsakiyar ruwa. Ya ba wani ɗan'uwan Rabi jirgin yana aiki da shi, ya koma gona gaba ɗaya. Maganarsa ta ƙara raguwa. Baƙi sukan sauka a unguwar, malamai da ma'aikatan gona, idan aka nuna musu gidansa yakan ba su ruwa da abinci, ya raka su gidan mai unguwa su kwana can.

Lukuman ya yi suna a Kano daidai gwargwado, ya rubuta wasu littattafan. Sau ɗaya suka haɗu, a tashar Birnin Kabi, wajen 1997. Lukuman ya yi ƙiba, ya sa babbar riga. Da ya hango Ɗanjuma ya taho da sauri ya durƙusa a cikin jama'a, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ƙuruciya ce."

Ɗanjuma ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi lafiyar Malam Atiku. Sannan ya ce, "Dangoma ba ta da nisa daga nan, Malam. Laraba tana nan da ranta. Ga mota can tana lodi."

Lukuman ya dubi motar, ya dubi agogonsa. Ya ce yau yana da taro, amma in Allah ya yarda zai dawo musamman. Ɗanjuma ya ce Allah ya yarda, ya ɗauki buhunsa ya wuce.

A ƙarshen shekarar 1999 aka tashi aurar da Kubura. Dangin uwarta sun so su yi abinsu, limamin Dangoma ya ce yarinya tana da yayan uba a raye, shi ne waliyyinta, ba a tsallake shi. Isa ne aka aiko, ya zama saurayi dogo kamar ubansa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya isar da saƙo cikin ladabi, ya ƙi shiga ciki. Rabi ta fito ta riƙe masa riga tana kallonsa, ya bar ta ta riƙe.

Ɗanjuma ya sa farar rigarsa ta salla ya tafi. Ya zauna a gaban jama'a, aka nemi aure a wurinsa ya bayar, aka shafa fatiha. Da mutane suka fara watsewa aka ce ana kiransa daga cikin gida. Ya tsaya a bakin zana. Muryar Laraba ce, ta tsufa.

"Yaya, an gode."

"Ba komai. Allah ya ba su zaman lafiya."

Ya ɗan jira ko za ta ƙara wani abu. Ya ji motsin ƙafarta ta koma ciki. Aka ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce albasarsa tana jiran ban ruwa, ya kama hanyar Kalgo da ƙafa.